Fulawar Falo Mai 'Ya'ya

'Ya'yana, musamman ku da kuka kama sana'ar fulawa a bakin titunan Abuja da Kaduna da Jos, da ku sababbin ma'aurata masu son ƙawata gida da korayen tsirrai, ku ba ni aron hankalinku. Akwai wata shuka da kuke jerawa a tukwane, mai faffaɗan ganye kore shar, gefensa a tsattsage, tsakiyarsa huji-huji. Ita ake gani a harabar otal, da kusurwar banki, da falon masu hali. Monstera ake ce mata. Yawancinku kun ɗauke ta kayan ado, daga nan ba ƙari. To tana 'ya'ya, kuma ana shan 'ya'yan. Sai dai da wuya ta yi su a falo, kuma ɗan nata yana da sharaɗi, wanda duk ya tsallake shi bakinsa ne zai gaya masa.

Asalinta dazuzzukan kudancin Meziko ne, ta gangara Gwatamala da Kosta Rika har Panama, wuraren da ruwan sama ya wadata, iska kuma ba ta rabuwa da laima. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak, Frederik Liebmann, shi ya rubuta bayaninta a shekarar 1849, ya sa mata sunan da masana ke kiranta da shi har yau, Monstera deliciosa. A can garinsu ba ta san tukunya ba. Mai hawa ce. Takan tsiro a ƙasa cikin inuwa, ta lallaɓa har ta samu gindin babbar bishiya, ta kama ta da saiwoyin da ke fitowa daga gaɓoɓinta, ta yi ta hawa har ta kai mita 20. Wasu saiwoyin aikinsu riƙe kututture, wasu kuma su zubo daga sama har ƙasa, su nutse, su riƙa jawo mata ruwa da abinci.

Da Turawa suka kai ta ƙasashensu, sanyi ya hana ta zaman waje. Idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 girmanta tsayawa yake, ƙanƙara kuwa kashe ta take yi. Dole ce ta sa suka shigar da ita ɗaki. Mu kuma muka gan ta a fina-finai da hotunan waya a gefen kujera, muka ɗauka nan ne mazauninta, muka kwaikwayi har da ɗakin, alhali abin da ya kore ta daga waje a can babu shi a nan. A wuraren da ba a ƙanƙara, irin su Fulorida da Hawai da arewacin Ostireliya, a fili take, kuma tana 'ya'ya. A tsibirin Madera na ƙasar Fotugal har a kasuwa ake kasa 'ya'yanta ana sayar wa baƙi.

Abin da ke hana ta haihuwa a ɗaki ba ɓoyayye ba ne. Hasken bai ishe ta ba, tukunya ta matse mata saiwa, na'urar sanyaya ɗaki ta busar da iska, sannan ba ta da abin hawa. Shukar da ba ta hau ba ba ta cika balaga ba. Ku lura da ganyenta: tana ƙarama ganyen a rufe yake, babu tsaga babu huji. Sai ta fara ƙarfi tsagar gefe take bayyana, sai ta manyanta sosai hujin tsakiya ke fitowa jere kusa da jijiyar ganye, shi kuma ganyen ya kai faɗin da zai rufe ƙirjin babban mutum. Kafin wannan lokaci kada ma ku sa ran fure. Wani abin da nake gani yana ba ni haushi shi ne yadda ake datse saiwoyin nan da ke lilo, wai suna ɓata kyau. Hannuwanta ne da bakinta kuke yankewa. Ku karkata su zuwa ƙasa ko jikin abin hawa, ku bar su.

Kada dai murnar rashin ƙanƙara ta ruɗe ku. Mu ma muna da abokan gabarta guda biyu da babu su a dajin Meziko: ranar bazara da iskar hunturu. Shukar ƙarƙashin inuwa ce. Rana tsaka ta watan Afrilu tana iya ƙone ganyen da ya yi wata da watanni yana girma a yini guda, ya yi faci-faci ruwan ƙasa, kuma abin da ya ƙone ba ya komawa kore. Saboda haka wurin dashe shi ne rabin aikin. Ku nemi gindin bishiyar da ba ta zubar da ganye da rani, mangwaro ya fi kowa, inda haske ke tsiyayowa ta tsakanin rassa. Kuka ba ta yi ba, don lokacin da ake neman inuwarta tsirara take. Idan da katanga ta gefen arewa maso gabas, inda hunturu ke bugowa, to an dace. Kada ku manna ta da kututturen har ta rasa ƙasar da za ta ci, ku ɗan ja baya kaɗan, ku haƙa rami mai faɗi, ku gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki da yashi. Na ce ruɓaɓɓe, don ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake. Tana son danshi, amma ba ta son kwanciyar ruwa. Idan wurin laka ne mai riƙe ruwa da damina, ku tada kunya ku dasa a kai.

Wanda ba shi da bishiya ya kafa mata ginshiƙi na ƙarfe ko siminti, ya naɗe shi da buhun algarara, ya yi mata rumfa. Busasshen icce gara yake gayyata. Kuma tun ranar dashe ake ɗaura ta a jiki da tsumma mai laushi, a juya gefen da saiwoyi ke fitowa ya fuskanci abin hawan, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ta riga ta bazu a ƙasa ta yi kauri, ɗaga ta sai da karaya.

Wadda ta saba da falo ba a fitar da ita waje farat ɗaya. A fara ajiye ta a baranda ko zaure na mako 2 ko 3 ta saba da haske, sannan a dasa, kuma farkon damina ya fi, lokacin da ƙasa ta jiƙe, sama ta yi lumshi. Idan da yanka za ku fara, ku nemo daga tsohuwar uwa mai manyan ganye, ya zama da gaɓa 2 ko 3 da saiwa a jiki. Ganye shi kaɗai da sandarsa, ba gaɓa, zai iya daɗewa kore a kwalbar ruwa, amma ba zai taɓa toho ba. Wasunku na sayar da irin wannan ga wanda bai sani ba. Ku daina.

Bari in faɗa muku gaskiya game da garuruwa, don kada wani ya zarge ni daga baya. Mai gida a Abuja, ko kudancin Kaduna, ko 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da Yawunde, yanayi na tare da su. A Jos sanyin dare na Disamba da Janairu zai rage mata sauri, amma in an kare ta daga iska za ta wuce. Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafi ke haura digiri 40 kuma rani ke da tsawo, nan sai mai rijiya a gida da inuwa mai kauri da kuma naci. A ganina mutumin can ya shuka ta don ganye. Idan Allah ya sa ta yi ɗa, ya ɗauke shi kyauta. In 'ya'yan itace yake nema ya ci da iyali, gwanda da gwaiba da lemun tsami sun fi saurin biyan bukata.

Ko an yi komai daidai, sai ta shekara 3 ko fiye a ƙasa kafin ta fara fure. Furen daga hammatar ganye yake ɓullowa, wani lokaci biyu ko uku a wuri guda: wani farin mayafi mai kauri, mai ɗan ratsin rawaya, ya lulluɓe sanda a tsakiya. Kwana kaɗan mayafin ke yi ya bushe ya faɗi, ya bar sandar tsaye. Wannan sandar ita ce ɗan. Ba sai kun yi mata barbara da hannu ba, takan ɗauka da kanta. Zai yi ta kauri har ya kai tsawon santimita 20 zuwa 25, wato taƙi guda ko da ɗan ɗori, kamar ɗanyar masara da aka ɓare, sai dai kore ne, kuma jikinsa a rufe da ƙananan ɓawo masu kusurwa shida-shida a manne da juna.

A nan ne ake gane mai lambu. Daga fure zuwa nuna wata 12 zuwa 14 ne. Ku ƙirga da kyau: furen da ya fito a wannan damina sai ya ga kaka, ya sha hunturu, ya jure bazara, wata damina ta sake zagayowa, sannan ya ƙosa. Shi ya sa ake ganin sabon fure da ɗan bara a jikin uwa ɗaya. Ma'ana, duk wata guda da kuka yi sakaci da ban ruwa, aikin shekara ne kuka jefa cikin haɗari. Da hunturu ku lulluɓe gindinta da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa don danshi ya zauna, amma ku bar ɗan fili tsakanin ciyawar da jikin shukar, kuna kuma ɗagawa kuna duba gara. Ku riƙa wanke mata ƙura da yayyafin ruwa da safe, don ganyen da ƙura ta rufe ba ya aiki. Ruwan wanki mai omo ba nata ba ne. Ruwan alwala kuwa, in kun shirya wurin yadda zai gangara gindinta, kun huta da rabin jigila, sau biyar a yini ba fashi. Taki kaɗan-kaɗan da damina ya isa. Idan kun ga fararen ƙwari masu kama jiki a hammatar ganye, ku goge su da tsumma da ruwan sabulu marar ƙarfi. Kada ku kwarara maganin feshi a kan abin da kuke niyyar sha. Kuma ranar da fure ya buɗe, ku rubuta watan da gawayi a katanga ko a waya, don bayan wata goma ba wanda zai tuna, sai gardama.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Monstera 'yar dangin gwaza ce, gidansu ɗaya a wajen masana tsirrai. Duk wanda ya taɓa cin gwazar da ba ta dahu ba ya san ƙaiƙayin da ke kama maƙogwaro. Abin da ke jawo shi wani sinadari ne, kalsiyam okzalet, wanda ke taruwa a jikin tsiron a siffar ƙananan allurai da ido ba ya gani. Su ne ke soke harshe da dasashi da maƙoshi. A gwaza wuta ce ke karya su. A monstera suna cikin ganye da kara da saiwa da ɗanyen ɗa, kuma a ɗan nuna ce kaɗai ke kawar da kaifinsu. Wanda ya gatsa ɗanye zai ji baki ya ɗauki wuta, yawu ya yi ta zuba, leɓe da harshe su kumbura. Ba wasa ba ne, musamman ga yaro. In hakan ta faru a cire abin da ya saura a bakin, a kurkure da ruwa, a ba shi ruwan sanyi ko madara ya kurɓa. Idan kumburin ya taɓa numfashi ko haɗiya, asibiti za a nufa nan take, ba jira. Haka ma kyanwa da kare da ɗan akuyan da ke yawo a tsakar gida, a yi wa shukar shinge. Mai yankan reshe kuma ya wanke hannu kafin ya taɓa ido.

To yaya ake gane ɗan ya yi? Shi da kansa yake faɗa. Koren zai ɗan kwashe, ya yi haske. Sai ku ga ɓawon da ke can ƙasa, wajen mariƙi, ya fara buɗe baki, tsakanin ɗaya da ɗaya ya ɗan rabu, wani fari-fari na leƙowa. Sai ƙamshi. A wannan lokacin ake yanke shi da ɗan guntun mariƙinsa, tun kafin ɓeraye da tururuwa su riga ku, don su ma hancinsu na aiki. Wanda aka cire kafin wannan alama, ko me aka yi masa, nunan rana ne.

Ku kai shi ɗaki, ku tsayar da shi a cikin kofin gilashi ko kwalba mai faɗin baki, ku rufa masa jakar takarda ko tsohuwar jarida. Ban da leda, tana sa shi gumi ya ruɓe. Ban da firji, sanyi na tsayar da nuna. Washegari ko jibi idan kun ɗaga takardar za ku tarar da 'yan ɓawo sun zubo da kansu a gindin kofin, kore a waje, fari a ciki. Inda suka bari sai ga tsoka fara mai ɗan rawaya, ƙwaya-ƙwaya a jere, mai laushi da ruwa, ƙamshi ya cika ɗakin har wanda ke tsakar gida ya tambayi wa ya yanka abarba. Ɗanɗanon tsakanin abarba da ayaba ne, da ɗan tsami mai daɗi. Ku sa cokali ku kankare iyakar inda ɓawon ya zube, ko inda kuka shafa da yatsa ya faɗi ba tare da gardama ba. Inda ya ƙi, ku bar shi. Kada ku sa wuƙa, kada ku sa farce ku ɓamɓare, don abin da ke ƙarƙashin ɓawon da ya ƙi fita ɗanye ne, ko da tazarar yatsa ɗaya ce tsakaninsa da wanda kuka sha. Ku mayar da takardar, gobe wani sashe zai buɗe. Haka yake nuna daga ƙasa zuwa sama, kaɗan-kaɗan, ya ɗauki kwanaki kafin ya ƙare. Ba abin da ake yankawa a faranti a raba wa baƙi a zama ɗaya ba ne. Wanda yake son ya tara, ya riƙa kankare na kowace rana yana sawa a firji, sannan a haɗa da kindirmo. Ni dai a nan na fi jin daɗinsa.

Za ku ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo tsakanin ƙwayoyin. Ragowar fure ne, kuma sukan ɗan yi ƙaiƙayi, sai a tsince ko a ɗauraye. Ko nunanne ne, wasu mutane yakan ɗan tsikare su a harshe, saboda haka ranar farko a ɗanɗana kaɗan a saurara. Ƙananan yara a bar su tukuna. Mai fama da tsakuwar ƙoda ya tambayi likitansa, don irin wannan sinadari na cikin abin da ake ce musu su rage.

Na san halin kasuwa, na kuma san wani zai ce me zai hana a sa wa ɗan nan kabaid, irin na masu walda, yadda wasu ke yi wa ayaba da mangwaro. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan wannan ɗabi'a saboda gubar da ke tattare da shi. A ayaba ma cuta ce, balle a ɗan itacen da lafiyar mai shansa ta rataya a kan nunar gaskiya. Sauri ya haifi nawa. Takarda da kwana biyu sun isa.

Akwai kuma rikicin kama. Ba duk mai tsagaggen ganye ne monstera ba. A layin tukwanenku akwai filodendiron mai ganye yatsu-yatsu, wanda tsagarsa ke shiga ciki sosai amma ba shi da rufaffen huji a tsakiya. Akwai wasu masu hawa, ƙananan ganye, da ake sayarwa da sunanta. Ta gaskiya idan ta manyanta tana da tsaga a gefe da huji a ciki, sannan inda sandar ganye ta haɗu da ganyen akwai wata 'yar gwiwa mai faɗi, gefenta a tattare. Ku shafa za ku ji. Akwai kuma difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, wadda ta cika gidaje da ofisoshi. Ita ma dangi ce, kuma ruwanta na iya kumbura baki har mutum ya kasa magana na wani lokaci. Don an ce ana shan ɗan guda ɗaya a cikin dangi, ba a ce a bi sauran da ɗanɗane ba. Wanda bai tabbatar da abin da ke gidansa ba ya kai ganye da hoton ɗan wurin malamin gona ko sashen nazarin tsirrai na jami'a mafi kusa kafin ya kai baki.

Ku kuma masu sayarwa, da ku zan ƙarasa, don ku ne farkon wanda mai saye ke tambaya. Idan kun ji wannan bayani kada ya zama sabon tallan yaudara, a riƙa cewa "Hajiya, wannan baɗi war haka kina shan 'ya'yanta." Ba haka ba ne, kun kuma sani. Ku ce mata shekaru ne, kuma sai a ƙasa, a inuwa, da abin hawa. Idan kun yi wa shukar feshi ko kun zuba mata maganin ƙwari a tukunya, ku faɗa. Mai gidan da ya ce a falo yake so, ku sayar masa, ganyen ma kaɗai ya isa kuɗinsa, sai dai ku tambaye shi ko akwai mai rarrafe a gidan, in akwai ya ɗora tukunyar inda hannu ba ya kai. Kowannenku kuma da ke da ɗan fili a bayan rumfarsa, ya ware ɗaya daga cikin manyan, ya fasa mata tukunya ya sa ta a ƙasa a gindin mangwaro wannan daminar. Daga jikinta za ku riƙa samun yankan da za ku sayar, kuma idan mai saye ya tambayi yadda ɗan yake, ku nuna masa da hannu.